Talata, ni da eriyoyina takwas

Yau kaina ya ɗau zafi wallahi. Tun bayan asuba na kunna laftof na saki simuleshan a CST, manhajar gwada eriya a kwamfuta kafin a ƙera ta, jerin eriya takwas ne a layi ɗaya kuma Dakta, malamin da ke duba aikina, so yake su yi aiki daga 3 har 6 GHz, wato su kama zangon 3.5 GHz ɗin nan na 5G da hukumar sadarwa NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 MTN da Mafab suka samu, su kuma haɗa da wayifai na 5 GHz. A baki kam ba wuya.

Eriya ɗaya tilo ba matsala. Ta faci dai, wato ɗan fallen tagulla a kan allo, tuni na haƙura da ita, don a kan allon sakit na FR4 mai kaurin milimita 1.6 ɗan siririn zango kawai take kamawa, ka matsa kaɗan ta daina ji. Eriyar Vivaldi na koma, wadda Peter Gibson ya fito da ita a 1979, tsagar tana buɗewa a hankali kamar bakin algaita, kuma S11 ɗinta, wato ma'aunin siginar da ke dawowa baya maimakon ya fita, ya zauna ƙasa da -10 dB yadda ake so tun daga farkon zangon har ƙarshe. Har hoto na ɗauka na tura wa ƴan ajinmu.

Rigimar a tazara take. Ƙa'ida ita ce rabin tsawon igiyar sigina tsakanin eriya da ƴar uwarta, to amma rabin na wace igiyar? A 3 GHz tsawonta santimita 10 ne, a 6 GHz kuma 5, ni kuwa allo sau ɗaya zan yanka. In na ba su santimita 5, da na hau 6 GHz tazarar ta zama igiya guda cur sai sigina ya fara ɓullowa ta gefen da ba wanda ya aike shi, ƙarfin ya rabu. In na matse su zuwa 2.5 kuma a ƙasan zango sai su dinga shiga harkar juna, abin da wannan ta watsa waccan ta kwashe, S11 ɗin da nake ta yi wa fariya ya wargaje.

Wajen azahar aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin ma ba ya riƙe caji, sai na ɗau takarda na tafi ofishin Dakta. Ya duba ya ce, "Kai Malam, digiri nawa kake so ka karkatar da bim ɗin?" Bim shi ne siginar da jerin ke tattarawa ya harba gefe ɗaya. Na ce talatin ranka ya daɗe. Ya ce to raba santimita 5 na igiyar 6 GHz da 1.5, an samu tazarar santimita 3.3, kar ka wuce nan. Sannan ya ce in daina faɗa da shigar da suke wa juna, in haɗe tagullarsu gefe da gefe, in gwada guda ɗaya a matsayin tana tsakiyar jeri mara iyaka, don masu irin wannan aikin da shigar ma suke samun faɗin zango. Gaskiya maganar ta shige ni, duk da na san na bakin layi biyun nan za su ba ni ciwon kai tunda maƙwabci ɗaya ɗaya gare su.

Sai kuma mai raba sigina. Daga ɗaya zuwa takwas, masu raba sigina gida biyu irin na Wilkinson guda bakwai ke nan, kuma mai mataki ɗaya da ƙyar zai riƙe zangon gaba ɗaya, dole in yi mai biyu, layi ya ƙara tsawo, FR4 ya ƙara cinye sigina. Allon Rogers ne maganin amma da dala ake sayensa, ni ko tambayar farashi ban yi ba.

Wuta ta dawo bayan magariba, na sa tazarar santimita 3.2 na sake saki. Har yanzu yana kan lissafi fanka na ta ihu. Gobe in Allah ya kai mu zan je in nemi layi a kan VNA ɗin lab, na'urar da ake gwada eriya da ita, in kuma leƙa Sabon Gari ko zan samu kanekta SMA na haɗa waya da eriya.