Hancin Kare da Hayaƙin Turarenmu

A gidajen Hausawan Gadarif, kamar sauran gidajen Sudan, ba a raba mu da ƙamshi. Kasko ba ya rabuwa da turaren wuta, mata suna haɗa humra da sandal da miski, kuma idan biki ya matso sai a gyara ramin dukhan a bayan ɗaki, a zuba itacen ɗalih, amarya ta riƙa zama a kan hayaƙinsa kwana da kwanaki. A cikin wannan ƙamshi na tashi, kuma ina son sa. Ban taɓa tunanin halin da yake jefa karen da ke gadin awakinmu ba, sai da bikin ƙanwata ya zo.

Fari muke kiransa, saboda launin gashinsa. Gudun kada ya tsorata baƙi, na ɗaure shi a gindin darbejiyar da ke bayan gida, taku kaɗan daga ramin dukhan, a daidai inda iska ke kai hayaƙin. Bayan kamar kwana goma ya fara atishawa, yana murza fuska da ƙafafunsa na gaba, ya rage cin abinci, sannan wasu layuka biyu masu launin tsatsa suka sauko daga kusurwar idanunsa zuwa gefen hanci. Goggo ce ta fara lura, ta ce mini: "Ɗan nan, karen nan jini yake zubarwa ta ido, ka kai shi a duba shi tun wuri."

Likitan dabbobin da na kai wa shi ya kwantar mini da hankali cewa ba jini ba ne. A cikin hawayen kare da yawunsa akwai wani sinadari da ake kira forfirin, wanda jiki ke fitarwa idan ya narkar da tsofaffin ƙwayoyin jini. Idan hawaye ya daɗe a kan gashi, rana kuma ta buge shi, sai ya rine ya koma ja mai duhu, abin da ya fi bayyana a jikin farin kare. A ƙa'ida hawaye ba ya gangarowa fuska, domin akwai siririyar hanya daga kusurwar ido da ke kai shi cikin hanci, kuma ita ce take sa mu ma hancinmu ke yoyo idan muka yi kuka. Yana malalowa waje ne idan ya yi yawa saboda hayaƙi ko ƙura, ko hanyar ta toshe, ko fatar ido ta lanƙwashe ciki gashinta yana gugar ƙwayar idon. Likitan ya ɗiga masa wani rini a ido, bayan 'yan mintoci rinin ya ɓullo ta hanci, wanda ya nuna hanyar a buɗe take. Da na ba shi labarin inda na ɗaure shi, sai ya ce: "Malam, hayaƙin nan ne."

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin hancin. Ƙwayoyin shinshina a hancin ɗan Adam kusan miliyan 6 ne, na kare kuwa suna iya kaiwa miliyan 300. Danshin da ke kan hancinsa yana kama ƙamshi daga iska, kuma tsagar da ke gefen kowace ƙofar hancin tana fitar da numfashi ta gefe, don kada ya kore warin da yake bibiya. Da wannan hanci yake gane baƙo a cikin duhu tun kafin mu ji takunsa. Hayaƙin da mu muke jin daɗinsa daga nesa, shi a cikinsa ya kwana ya wuni, ga igiya a wuya, babu halin matsawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin ni na ɗaure shi a wurin.

Shawarwari sun zo daga ko'ina. Wani ya ce a fesa masa humra saboda wurin ya fara wari, wani ya ce a goge tabon da ruwan bilic ko sabulun wanki. Duka biyun cutarwa ne. Warin yana zuwa ne daga ƙwayoyin cuta da ke hayayyafa a jiƙaƙƙen gashi, turare kuwa zai ƙara wa ido da hanci raɗaɗi ne kawai, bilic kuma yana iya lalata ido. Hatta garin da ake tallarsa a intanet don share tabon hawaye ba abin yarda ba ne kai tsaye, domin a shekarar 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu yin wasu daga cikinsu saboda suna ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna tailosin, wanda ba a amince a yi wannan aiki da shi ba.

Abin da nake yi yanzu ba shi da tsada. Safe da yamma nakan jiƙa auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, in goge daga kusurwar ido zuwa ƙasa, kowane ido da tasa audugar, sannan in tsane wurin da busasshen ƙyalle, domin tsanewar ta fi gogewar muhimmanci. Gashin da ya yi tsawo kusa da ido nakan rage shi da almakashi mai dakusasshen baki, sai kuma lokacin da ya kwanta ya natsu. Dogayen gashin bakinsa ba na taɓa su, don da su yake jin abin da ke kusa da fuskarsa a cikin duhu. Ranar da guguwar habub ta taso, ko lokacin sussukar dawa da kaɗe riɗi, nakan ƙara wankin sau ɗaya, in duba ko ƙarangiya, wadda ake kira haskanit a nan, ta maƙale a fuska, ko kaska ta shiga kunne. Idan kwantsa ta koma rawaya ko kore, ko ya riƙa runtse ido ɗaya, ko idon ya yi hazo, ba na jiran gobe, wurin likita muke zuwa.

Wani maƙwabcinmu ya tambaye ni yadda musulmi zai riƙa taɓa fuskar kare. Na ce masa: "Baffa, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don gadin dabbobi da gona da farauta." Duk da haka ina wanke hannuna da sabulu bayan na gama, kwanonsa daban yake, kuma an yi masa allurar rigakafin haukan kare.

Na mayar da Fari kusa da garken awaki, can gefen da hayaƙi ba ya kaiwa, kuma na roƙi Goggo a daina kai kasko wajen. Atishawar ta tsaya cikin kwana uku, ya koma cin abincinsa. Tsohon tabon kam bai fita da wanki ba, sai da sabon gashi ya tsiro na riƙa rage rinannen kaɗan-kaɗan, abin da ya ɗauke mu kusan wata biyu.