Saƙon godiya ga mutanen Agege bayan zaɓen kansila

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena, yayyena da ƙannena na Agege da sauran sassan Ikko.

Tun ranar Lahadi 13 ga watan Yulin 2025 ya kamata wannan saƙo ya iso gare ku. A yammacin ranar ne labarin rasuwar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Landan ya iso mana, kowa ya koma kan ta'aziyya, har aka kai shi makwancinsa a Daura ranar Talata. Na ga bai dace ana zaman makoki ni kuma ina maganar kujerar kansila ba. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya.

Sakamakon dai kowa ya ji shi. Hukumar zaɓe ta jiha, LASIEC, ta bayyana cewa a zaɓen ranar Asabar 12 ga Yuli 2025 jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 57, wato na ƙananan hukumomi 20 da na yankunan raya ƙasa 37. A kujerun kansila 376 kuma ta ɗauki 375, ɗayar da ta rage PDP ta samu a Yaba. Ni da na tsaya a gundumarmu Allah bai ba ni ba. Na karɓi hukuncinsa da hannu biyu. A daren ranar zaɓen na buga wa ɗan'uwana da ya ci waya na taya shi murna. Tare muka tashi a unguwa ɗaya, mahaifiyarsa ta sha zuba mini abinci ina yaro, kuma na gaya masa duk ranar da ya nemi shawara ko rakiya kan abin da zai amfani gundumar nan, ƙofata a buɗe take.

Yaba kyauta tukuici, don haka bari in fara daga gida. Hajiya, mahaifiyata, ke ce kika ba ni izini, da sharaɗi guda: kada in zagi kowa, kada in bari a zagi wani da sunana. Na riƙe wannan har ranar ƙarshe, ko a lokacin da matasanmu suka so mayar da martani. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Uwargidana kuma wata uku cur tukunyarta ba ta sauka daga kan wuta ba, baƙo na fita wani na shigowa, ban taɓa ganin ta ɗaure fuska ba. Allah Ya saka miki da Aljanna.

Iyayenmu mata na ƙungiyar adashe, ban san da wane baki zan gode muku ba. Mutane da dama ba su san cewa kuɗin fom ɗina daga wurinku ya fito ba. Wadda kwasa ta zo kanta a wannan watan, mai sayar da fura ce, ta ce a ba ni, ita za ta jira zagaye na gaba, alhali ga Babbar Sallah ta ƙarato, ga 'ya'ya na jiran ɗinki. Da na je yi mata godiya cewa ta yi: "Ɗana, ni dai kwatar ƙofar gidanmu nake so a gyara, kowace damina a kan gado muke kwana da kayanmu." Inna, ban samu kujerar ba, amma maganar kwatar nan na riga na kai ta kunnen wanda ya samu, kuma zan ci gaba da bibiya har a yashe ta.

Ina gode wa iyayenmu na fada, waɗanda suka karɓi kowane ɗan takara hannu bibbiyu suka sa masa albarka ba tare da nuna ɓangare ba. Haka ya kamata uba ya yi. Limamanmu da malaman Islamiyya sun yi ta jan hankali kan zaman lafiya a huɗuba da wajen karatu, kuma Allah Ya amsa, ba a zubar da jinin kowa a unguwarmu ba. Mahautan Oko-Oba, 'yan gwari na Mile 12, 'yan goro, masu shayi da suka mayar da teburansu wurin taronmu na dare, 'yan acaɓa da masu Keke Napep da suka yi ta jigilar mu ba su karɓi ko na mai ba, Allah Ya yi wa nemanku albarka.

Maƙwabtanmu Yarabawa ma sun yi mini abin da ba zan manta ba. Iya mai gidan da nake haya ta riƙe hannuna ta zaga da ni gida-gida a layinmu, tana gaya musu da Yarabanci cewa wannan ɗanta ne, a gabanta aka haife shi. Wani dattijo da muka yi karatu da 'ya'yansa a makarantar Markaz ya ba mu rumfa da benci kyauta. Haka 'yan'uwanmu Ibo masu shaguna a bakin titi, sun bari mun liƙa fasta a ƙofofinsu. Na faɗi wannan ne saboda akwai waɗanda suka ce mini in koma garinmu in tsaya takara. Ban riƙe su a zuci ba. Kakana goro ne ya kawo shi nan a zamanin da jirgin ƙasa ke haɗa Ikko da Kano, a Agege ya rasu, a Agege aka binne shi, haka mahaifina. Kano tushena ce, ina alfahari da ita, amma ruwan da ke shiga ɗakina da damina na Agege ne, harajin shagona ma a nan nake biya.

Akwai yara biyu da nake so kowa ya sa su a addu'a. Na farko ƙanena ne a unguwa, wanda ya faɗo daga kan tsani yana ɗaura allon hotona da daddare, sati biyu kafin zaɓe, ya karye a hannu. Da na isa wurin mai ɗori, yana cije baki don zafi, abin da ya fara tambaya ta shi ne ko an ƙarasa ɗaura allon. Wannan yaro gyaran waya yake yi, da hannun nan yake ci da mahaifiyarsa. Har yau bai koma aiki ba. Na ɗauki nauyin maganinsa, amma duk mai wayar da ta lalace ya ajiye masa ita har ya warke, wannan shi ne taimakon da zai fi jin daɗinsa. Na biyun ejan ɗinmu ne a rumfar bayan masallaci. Tun da sassafe yake tsaye, bai matsa ko nan da can ba har aka ƙirga ƙuri'a ta ƙarshe, ya sa hannu, ya kawo mini takardar a cikin leda a ƙarƙashin rigarsa don kada ta jiƙe. Na miƙa masa ɗan abin sayen abinci ya ƙi karɓa, ya ce: "Yaya, ba aikinka na yi ba, aikin unguwarmu na yi." Na juya masa baya don kada ya ga hawayena.

Yanzu ku ba ni dama in faɗi abin da ya fi faɗuwar ci mini rai, domin godiya ba ta hana gaskiya tsakanin 'yan'uwa. Ba mu fito ba. Na zaga rumfuna da ƙafa, tunda an hana zirga-zirgar ababen hawa, abin da na gani shi ne ma'aikatan zaɓe zaune suna jiran mutane, yara kuma sun mayar da kwalta filin ƙwallo. Ku tuna ranar 25 ga Fabrairun 2023. Ana tsakiyar wahalar takardun kuɗi, mutum na da kuɗi a banki amma ba shi da na ƙosai, duk da haka daga sallar asuba layi muka wuce. A wannan zaɓen Peter Obi ya samu ƙuri'a 582,454 a jihar nan, Bola Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai dubu goma ba, a jihar da masu rajista suka haura miliyan bakwai. Wanda ya ga haka bai kamata ya ce ƙuri'arsa ba ta da amfani ba.

Abu na biyu shi ne kati. Mutane nawa ne suka tare ni da murna ranar zaɓe suka zaro katinsu, sai mu ga rajistar Funtuwa ce, ko Illela, ko Haɗeja? Mutum ya shekara ashirin yana kasuwanci a Legas, 'ya'yansa a nan suke makaranta, amma ƙuri'arsa tana can gida, sai zaɓen shugaban ƙasa ya hau mota ya tafi. Ban ce son gida laifi ne ba. Amma tsarin mulkin 1999 ƙaramar hukuma ya damƙa wa kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, lasisin baro da kura, har da kula da shaguna da wuraren sayar da abinci. Ku duba jerin nan da kyau, ai sana'o'inmu ne aka lissafo ɗaya bayan ɗaya. Ga shi kuma tun ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Wurin da aka ce kuɗi su sauka, nan ne muka bar wa wasu su zaɓa mana.

Da yawa daga cikinku kun ce mini da a ce rana ɗaya ake yin wannan zaɓe da babban zaɓe, da labari ya sha bamban. Ina tare da ku, kuma akwai misali a Abuja. A can INEC ce ke gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi shida da kansiloli 62. A 2019 an yi shi ranar 9 ga Maris, rana ɗaya da zaɓen gwamnoni da majalisun jihohi, kujerun ciyaman kuma suka rabu tsakanin APC da PDP. A 2022 ma uku da uku aka tashi: PDP ta ɗauki AMAC ta cikin birnin Abuja da Bwari da Kuje, APC ta ɗauki Gwagwalada da Kwali da Abaji. Sai dai in yi adalci, Abuja ba ta da gwamna, don haka ba a gwama musu takardu da yawa a hannu ba. Wani malamina ma ya ja hankalina cewa in aka haɗa, guguwar manya za ta iya kwashe ƙananan 'yan takara, a dangwala wa jam'iyya daga sama har ƙasa ba a ko san sunan kansilan ba. Maganarsa abin dubawa ce. Duk da haka ni na fi son layi ya cika a kayar da ni, da a ce mutum ashirin su yanke wa mutum dubu hukunci. Canjin kuwa sai an taɓa tsarin mulki, tunda shi ya kafa hukumomin zaɓe na jihohi, wannan aikin 'yan majalisar tarayya ne, sai mu riƙa tuna musu in sun zo neman ƙuri'a.

Abin da ke hannunmu shi ne sauya wurin rajista. Na ajiye littafi a shagona, duk mai son a mayar da katinsa Legas, ko matashin da ya cika shekara 18, ya zo ya rubuta sunansa. Da zarar INEC ta buɗe rajista, yaranmu masu ilimin kwamfuta za su taya kowa cikewa kyauta, mata kuma uwargidana za ta karɓi nasu a cikin gida.

Wanda na ɓata wa rai a cikin wannan tafiya, da sani ko da kuskure, ya dubi girman Allah ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa. Duk wanda ke bin kwamitinmu bashi, na buga fasta ne, na hayar lasifika ko na abinci, ya same ni a shago kafin ƙarshen wata, ba na so haƙƙin kowa ya kwana a kaina.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a ƙofar gidanmu, domin magabatanmu da kuma neman sauƙi ga yaronmu da ya karye, kowa da kowa muna gayyata. Ranar Asabar kuma da hantsi matasa mu haɗu a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, kowa ya zo da bokiti da abin kankara. Za mu cire fastocinmu daga bangon mutane, mu mayar wa Baba rumfarsa da bencinansa.

Wassalamu alaikum.