Buhun iri na biyu ne ya ɓata mini rabin gonar masara

A bana, da injin shuka mai layi huɗu na shuka masara, irin wanda tarakta ke ja, mai faifai a gindin kowane mazubin iri, faifan da ramukansa ke ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya su sake ta ƙasa. Rabin gonar ya fito ras, layi a miƙe, tsiro a jere. Ɗaya rabin kuwa har yau in na bi ta gefensa sai raina ya sosu, alhali inji ɗaya ne, direba ɗaya, kuma a yini ɗaya aka shuka su.

Saitin farko ban yi masa ha'inci ba. Santimita 75 tsakanin layi da layi, 25 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, wato tsiro 53,000 da 'yan kai a hekta. Na ɗage injin, na auna kewayen tayar da ke juya faifan, na murza ta da hannu daidai tafiyar mita 13.3, domin a wannan tazarar layi mai wannan tsawon shi ne kashi ɗaya cikin dubu na hekta. Ƙwaya 53 ake nema a kowane layi. Da na sauya giyar da sarƙa ke hawa, lissafin ya zauna. Zurfi santimita 5, injin a daidaice bai durƙusa gaba ba, taki yana sauka a gefe ba a kan iri ba. Duk wannan ya tafi lafiya.

Ana tsakiyar aiki irin ya ƙare, aka kawo ƙarin buhu. Sunan iri ɗaya, kalar magani ɗaya, aka juye a mazubi aka ci gaba. Ashe girman ƙwayar ya bambanta. Masu sarrafa iri suna tankaɗe shi gida-gida: ƙwayar tsakiyar zangarniya mai faɗi ce, ta gindi da ta tsini masu mulmule ne, kuma kowanne akwai manya akwai ƙanana. Wajen tsiro da yabanya duk ɗaya suke, amma a wurin faifai ba ɗaya ba ne. Faifaina an yanka ramukansa ne don ƙwaya mai faɗi. Sabon buhun mulmulalle ne, manya. Ƙwayar ba ta zama cikin ramin sosai, sai ɗan harshen da ke share saman faifan ya ture ta baya ramin ya wuce fayau, ko kuma ya danne ta ya fasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wata alama daga kan tarakta. Sarƙa na juyawa, ƙarar injin ba ta sauya ba, ƙasa na rufewa da kyau a baya. Direban har cewa ya yi wannan irin yana da auki, don mazubin ya daina saurin ƙarewa. Aukin nan giɓi ne muke shukawa.

Sai da tsiro ya fito na ga ɓarnar. A rabin farko na ƙirga wajen 50 a mita 13.3, a na biyu ko 40 ba su cika ba. Da farko na zargi tsuntsaye, na zargi ƙarfin irin. Da na tona wuraren giɓin, wani babu ƙwaya sam, wani kuma ɓari ne ya ruɓe. Tsuntsu yana barin rami a buɗe, mataccen iri kuma za ka same shi ɗungurungum a ƙasa. Wannan aikin faifai ne.

Masara kuwa ba ta cike wa maƙwabciyarta gurbi yadda gero ke yi da 'ya'ya. Kara ɗaya, goyo ɗaya galibi, inda babu tsiro babu komai. Na sa aka bi da hannu aka cike giɓin, amma waɗanda suka fito a makare inuwar manya ta danne su, suka tashi sirara, goyonsu bai taka kara ya karya ba. Kuɗin ƙwadago ya tafi, takin ma sun ci rabonsu.

Yanzu duk buhun da aka farke, ko da sunansa ɗaya da na baya, sai na duba takardar jikinsa na ga ajin girman, sannan na ɗebi tafin hannu na jera a ramukan faifan da kaina. Ƙwaya ta zauna daidai da saman faifan, kada ta yi tozo, kada kuma ramin ya ɗauki biyu. Bayan an yi 'yan mitoci sai a tsaya, in durƙusa in tona kowane layi, in ga tazara da zurfi da idona. Gwajin taya a sama yana da amfani, sai dai bai san santsin ƙasa ba, bai san girgiza ba.

Gudu ma na ɗaure shi. A kilomita 7 cikin awa kowane faifai yana sakin ƙwaya kusan 8 a daƙiƙa, a kilomita 12 sun haura 13, kuma ramin da ya wuce da wannan saurin ba ya samun cika ko da irin ya dace da shi. Na sayi faifan mulmulallen iri na ajiye tare da na mai faɗi a akwatin injin, kuma irin baɗi gaba ɗaya zan saye shi, aji ɗaya, kafin tarakta ta shiga gona.