Hula a Kai, Baba Ya Tafi Aiki

Ranar 16 ga Afrilun 2020, da aka rufe Kano saboda korona, na ɗauko kwamfutar ofis na ajiye a ɗakin baƙi, a zatona zaman mako ɗaya ne. Har yau tana kan teburin nan. Aikina lissafin kuɗi ne, a wata ƙungiya mai ma'aikata a Kano da Abuja da Nairobi.

Zancen wuta da data kowa ya san shi. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ta gagare ni, na lallaɓa na haɗa sola. Ita ta cece ni a Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, sai dai ɗakin aikina ya koma shagon caji, wayoyin rabin layinmu suna jere a kan darduma.

Abin da ya fi ba ni wahala mutane ne. A wurinmu, magidanci da ke gida da hantsi, ko dai ba shi da lafiya, ko ba shi da aikin yi. Wani maƙwabcina ya tare ni bayan sallar Azahar, ya sassauta murya ya ce, "Malam, ko an sallame ku ne? In da abin da za a taimaka, ka faɗa." Hajiya kuwa sai ta aiko: "Tunda kana gida, ka kai ƙanwarka asibiti." Wa ya isa ya ce wa mahaifiyarsa yana cikin taro?

Dabarar da ta yi mini aiki ba a kwamfuta take ba. Da safe na yi wanka, na sa kaftani da hula, na je na gaida Hajiya na ce, "Na tafi aiki," ta sa mini albarka, sannan na shiga ɗakin baƙi na turo ƙofa. Yara suka gane cewa in hula tana kai, Baba ba ya nan. Baƙi ma sun koma zuwa bayan La'asar.

Da abokan aiki kuma wani karatun ne. Nairobi ta riga mu da awa 2, ƙarfe 9 ɗinsu ƙarfe 7 ne a wurinmu, don haka sau da yawa da kofin shayi nake shiga taro ta manhajar Zoom. Wata rana muka daidaita wani adadi ta waya ni da wani, ba wanda ya rubuta, rahoto ya tafi da tsohon lissafi, kowa kuma ya rantse ba haka aka yi da shi ba. Tun daga nan, duk abin da aka yanke da baki sai na rubuta shi a takardar da muke gyarawa tare kafin in tashi. Lokacin sallar Juma'a ma na toshe shi a kalandar aiki, aka daina sa mini taro.

Inda nake ganin aikin nesa yana cutarwa shi ne wajen sababbin ɗauka. An ba ni wata yarinya a Abuja in koya mata aiki. Kullum na tambaya sai ta rubuto, "Komai lafiya, yallaɓai." Ashe makonni ta yi tana maimaita kuskure guda, kunya ta hana ta tambaya. Da tebur ɗaya muke, da a fuskarta zan gani tun ranar farko. Sai na ware mata minti 15 kowace Talata, kira ba ajanda, mu fara da gaisuwa da tambayar mutanen gida, tambayoyin aikin su fito da kansu daga baya.

Sai bayan wata shida muka haɗu, a wani taro a Abuja. Ta wuce ni a bakin ƙofa ba ta ko waiwaya ba, sai da na yi wa mai gadi sallama ta juyo da sauri ta ce, "Lah, yallaɓai, kai ne?"