Daga Hamburg zuwa Bergen a jirgin ƙasa da ƙaramin guzuri

Hanyar da muka bi ni da abokina ita ce Hamburg, Kopenhagen, Malmo, Stockholm, Oslo, sannan Bergen, wato daga Jamus ta Denmark da Suwidin zuwa Norwe, kowa da jakarsa a baya. Kafin a tashi hankali kan tafi ga kuɗin jirgi, amma a wannan yankin wurin kwana da abinci ne ke cinye aljihu.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar zai fara da bizar Schengen, biza ɗaya da ke ba da izinin shiga duka ƙasashen nan huɗu. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya da ta kai aƙalla yuro 30,000. Ana nemanta ne a hannun ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Fasfo ya zauna a jiki, domin 'yan sanda kan hau jirgi su duba takardu a Padborg, bakin iyakar Denmark, da Hyllie, tashar farko a Suwidin.

Tikitin da muka saya shi ne Eurail Global Pass, tikiti ɗaya na hawa jiragen ƙasa a ƙasashe da yawa, na waɗanda ba mazauna Turai ba. Mazauna Turai Interrail suke saya. Eurail ɗin yana aiki a ƙasashe 33, kuma wanda bai kai shekara 28 ba yana samun rangwame. Samfurin da ya dace da irin wannan tafiya shi ne mai kwanakin tafiya 5 ko 7 a cikin wata ɗaya. Kada a ƙona rana guda ta tikitin a kan gajeren zango. Daga Kopenhagen zuwa Malmo ta gadar Oresund, wadda aka buɗe a 2000, tafiyar kusan minti 40 ce, gara a yanki tikitinta daban. Kafin a hau kowane jirgi kuma sai an shigar da shi cikin manhajar Rail Planner, in ba haka ba mai duba tikiti zai ɗauke ka wanda bai biya ba.

Inda mutane suka fi shan mamaki shi ne kama kujera. Tikitin ya biya kuɗin tafiya, amma wasu jiragen ba sa ɗaukar wanda bai kama kujera ba. Jirgin X2000 na kamfanin SJ mai zuwa Stockholm haka yake, haka jirgin Oslo zuwa Bergen, haka ma na Hamburg zuwa Kopenhagen a tsakiyar lokacin zafi. Kuɗin kujerar ba shi da yawa, matsalar ita ce a watan Yuli takan ƙare tun da sauran kwanaki. Mutum biyu kuwa sai sun kama tare a lokaci guda, idan suna son zama kusa da juna. Jirgin Hamburg ɗin ya daina shiga jirgin ruwa a Puttgarden tun Disambar 2019, yanzu ta Odense yake zagayawa, awa biyar ko kusa da haka.

Hanyar Bergen a bi ta da rana. Kusan awa bakwai ce, kuma tana hawa har Finse, mita 1,222 sama da teku, inda ake ganin ƙanƙara kwance a kan duwatsu ko a watan Yuni. Reshen layin dogo mai zuwa ƙauyen Flam da ake yawan tallatawa ba ya cikin tikitin, rangwame kawai ake yi.

Masauki mafi araha shi ne ɗakin kwana na haɗaka mai gadaje hawa biyu. Da yawa daga cikin masaukan Denmark, Suwidin da Norwe suna karɓar kuɗin zanen gado da tawul daban, kuma ba sa yarda da buhun barci, wato bargo mai zip da ake shiga ciki a kwanta. Mun tafi da zannuwanmu da rigar matashi daga gida. A zaɓi mai kicin, a nan amfanin tafiya da aboki yake fitowa: ƙunshin taliya ɗaya, gwangwanin kifi, tumatir da albasa sun isa mutum biyu, a kuɗin da bai kai na faranti ɗaya a gidan abinci ba. Garin yaji da ɗan gari na rogo ba su da nauyi a jaka. Nama dai, har kilishi, doka ta hana shigar da shi Tarayyar Turai daga waje.

Cefane a yi shi a Netto ko Rema 1000 a Denmark, Lidl ko Willys a Suwidin, Kiwi a Norwe. Ranar Lahadi manyan kantunan Jamus da Norwe a rufe suke, saboda haka a yi sayayya tun Asabar. Ruwan famfo mai kyau ne ko'ina, gora ɗaya ta wadatar. Kwalbar lemo kuma akwai kuɗin ajiya a kanta, ana mayar da ita cikin na'ura a ƙofar kanti a karɓo.

Abincin halal ba ya wuya idan an san unguwa: titin Steindamm kusa da babbar tashar Hamburg, Norrebro a Kopenhagen, Mollevangen a Malmo inda falafel, wani abu mai kama da ƙosai, ya fi araha, da Gronland a Oslo. A jikin kaya a lura da Schwein, svin, gris da fläsk, duk alade ne. Salla na bukatar shiri, domin a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Stockholm sai wajen ƙarfe 10 na dare, ta kuma fito kusan 3:30. Mun riƙa bin jadawalin masallacin garin da muke, kamar babban masallacin Stockholm da ke kusa da Medborgarplatsen.

Yuro a Jamus kawai ya yi mana aiki. Denmark, Suwidin da Norwe kowacce da kuɗinta, kuma shaguna da yawa a Suwidin ba sa karɓar tsabar kuɗi sam. Kowa ya zo da katinsa daga banki daban, a gwada shi kafin a bar gida. Idan na'ura ta tambayi kuɗin da za a cire, a zaɓi na ƙasar da ake ciki, canjinsa ya fi sauƙi. Mu mutum ɗaya ke biyan komai na yini, da dare a rubuta a raba biyu.