Rakiyar kwantena daga ƙasa zuwa ƙasa: yadda muke yi da inda aikin ke karyewa

Saƙon yakan zo a gajarce, wani lokaci layi uku kacal: lambar kwantena, sunan jirgin ruwa, da ranar da ake sa ran isowarsa. Na yi shekaru a teburin hulɗa da takwarorinmu na ƙasashen waje a wata hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma kusan duk babban aikin da na sa hannu a ciki da irin wannan saƙo ya fara. Abin da aka yi a kwana biyu ko uku na farko shi ke nuna ko za a kai ga masu kayan, ko za a tsaya ga jera buhuna a gaban 'yan jarida, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Da lambar nake farawa. Haruffa huɗu ce da alƙaluma bakwai, na ƙarshen kuma daga sauran ake lissafo shi. In mai aiko saƙon ya kuskure alƙalami ɗaya lissafin ba zai fita ba, sai ka mayar masa tun kafin ka sa mutane kwana suna neman abin da babu shi. Sai takardar lodi: wa ya aiko, wa zai karɓa, me aka ce yana ciki, nauyinsa nawa, a tashoshi nawa ya yada zango. Kamfanin da aka yi wa rajista watanni kaɗan da suka wuce, ba shi da sito, amma ya yi odar kayan da kuɗin dakonsu ya fi ƙimarsu, dole a sa masa ido. Hodar iblis kusan tan 3 da aka kama a tashar Banjul ta ƙasar Gambiya a Janairun 2021 cikin lodin gishirin masana'antu daga Ekwado aka same ta.

Kafin a yanke komai, sai an gane ko mai kwantenar na da hannu. Akwai dabarar da masu safara ke yi: su fasa kwantenar wani bawan Allah a tashar farko, su jefa jakunkuna a bayan ƙofa tare da wani hatimin ƙarfe mai lamba iri ɗaya da na asali, mutanensu su kwashe a tashar ƙarshe su maƙala sabon hatimin. In ka buɗe ka ga jakunkuna a baki-baki da hatimi a kansu, bin kayan zuwa siton mai odar ɓata lokaci ne. Waɗanda kake nema suna cikin tashar.

In kuwa an ɓoye kayan a cikin lodin kansa, ko a bangon kwantenar, to sai a yi maganar rakiya, wato a bar kayan su ci gaba da tafiya ana biye da su a ɓoye har hannun mai karɓa. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1988 kan yaƙi da safarar miyagun ƙwayoyi, wadda aka ƙulla a Viyana, shi ya ba da wannan dama, kuma ya yarda a bar ƙwayar yadda take, ko a cire ta, ko a musanya wani ɓangare ko dukanta da abin da ya yi kama da ita. A nan dokokin ƙasashe ke cin karo. Wata ƙasa ba za ta bari ko giram ɗaya na gaske ya bar hannunta ba. Wata kuma in babu ƙwaya ta gaske a cikin kayan lokacin kamu, tuhumar da za ta iya yi ta ragu zuwa haɗa baki ko yunƙuri. Shi ya sa ba na yarda a motsa sai masu gabatar da ƙara na ɓangarorin biyu sun yi magana, an kuma rubuta amsar waɗannan: wa ya ba da izini, wa ke riƙe da kayan a kowane zango, me za a yi in sun ɓace wa masu sa ido, a wace ƙasa za a gurfanar da waɗanda aka kama. Akwai kuma ƙasashen da ba za su taimaka ba in ƙasar da kayan suka nufa tana yanke hukuncin kisa kan safarar ƙwaya, sai an ba su tabbaci. Gara a san wannan tun jirgi na teku.

Buɗe kwantenar aiki ne na sa'o'i kaɗan, yawanci da dare, da mutane ƙalilan. A ɗauki hoton hatimi kafin a yanke shi. A ƙirga sinƙi-sinƙi, a ba kowanne lamba, a auna shi da ledarsa, sannan a auna zallar hodar. A ɗauki hoton tambarin da aka buga a jikin kowane bulo, domin tambarin nan ne sau da yawa ke haɗa kamunka da wani da aka yi a wata nahiya. Wajen ɗibar samfur muna bin ƙa'idar da aka saba: in sinƙin bai kai 10 ba a ɗiba daga kowanne, daga 10 zuwa 100 a zaɓi 10 ba tare da tsari ba, in ya haura 100 a ɗauki adadin da in an ninka shi da kansa zai ba da jimlar, wato 20 cikin 400. Ruwan gwajin nan da ke komawa shuɗi in ya taɓa hodar iblis alama ce kawai, don akwai wasu magunguna da ke sa shi canza launi. Sakamakon ɗakin gwaje-gwaje shi kaɗai kotu za ta dogara da shi.

Na ga shari'ar da ta kusa rushewa saboda wata ƙasa ta rubuta nauyi da leda, mu muka rubuta zalla, babu wanda ya bayyana. Lauyan wanda ake tuhuma ya tsaya a kan bambancin yana tambayar ina sauran kilo suka shiga. Tun daga nan kowace takarda tawa na ɗauke da awo biyun, kuma duk lokacin da na rubuta ina faɗin agogon wace ƙasa ne. A kuma tuna cewa masu kayan kan saka tasu na'urar bin sawu a ciki. Kwantenar da ta bar layinta ta kwana a wani lungu na tashar ta riga ta kai musu labari.

Abin da ya fi cin mu shi ne bambancin bayanan sirri da hujja. Abin da ɗan sanda ya aiko wa ɗan sanda ta hanyar sadarwar Interpol, ko jami'in kwastam ta hanyar sadarwar CENcomm ta Hukumar Kwastam ta Duniya, yana isowa cikin mintoci, amma galibi an rubuta a kansa cewa don bincike ne kawai. Wanda alƙali zai karɓa sai ya biyo ta hukumar da kowace ƙasa ta ware don taimakon juna a harkar shari'a, bisa sashe na 7 na yarjejeniyar. Takardar roƙon tana bukatar sunan hukumar da ke nema, irin binciken, taƙaitaccen bayanin abin da ya faru, ainihin taimakon da ake so, wanda abin ya shafa da inda yake, da abin da za a yi da amsar. An taɓa dawo mana da roƙo bayan watanni saboda ba mu nuna alaƙar asusun bankin da muke tambaya da laifin ba. Kafin mu gyara, kamfanin waya na can ya goge bayanan kiran da muke so, don wa'adin ajiyarsu ya cika. Yanzu ranar da saƙon farko ya zo nake fara rubuta roƙon, in tura daftarinsa ga takwarana ya duba ko zai shige a tsarinsu da harshen da suke karɓa, in kuma nemi a adana bayanan waya nan take. Sashen ya hana ƙasa fakewa da sirrin banki ta ƙi taimako, amma ya kuma hana ka amfani da abin da aka ba ka a wata shari'a daban ba da izini ba. Jami'in da ya miƙa wa ƙasa ta uku bayanin da aka ba shi amana ya toshe wa hukumarsa ƙofar nan na shekaru.

Ta ɓangaren sarrafa ƙwayar, aikin ya fi sauƙi kuma an fi yin sakaci da shi. Hiroyin na bukatar sinadarin acetic anhydride, hodar iblis na bukatar potassium permanganate, ana kuma dafa methamphetamine da ephedrine. Tun 2006 hukumar INCB, mai sa ido kan miyagun ƙwayoyi a duniya, ke gudanar da tsarin intanet na PEN Online, inda ƙasar da za ta fitar da irin waɗannan sinadarai ke sanar da ƙasar da za ta karɓa kafin lodi. Aikinka ka je ka ga ko kamfanin na nan, ko odarsa ta yi daidai da abin da yake sarrafawa a shekara. In babu wanda ya buɗe sanarwar ya ce a dakata, kaya sun tafi da takardun halal.

A teku kuwa sashe na 17 na yarjejeniyar ya ce sai ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ta tabbatar da rajistarsa ta kuma ba da izini kafin a hau shi, kuma jirgin sintiri ba zai yi ta bin sa kwana da kwanaki yana jiran amsa ba. Akwai kundin lambobin hukumomin da ke ba da wannan izini, amma ana yi wa jami'ai canjin wurin aiki, layuka na mutuwa. Don haka duk bayan wata uku nakan zauna da jerin lambobina in kira su ɗaya bayan ɗaya, wasu da tsakar daren ƙasarsu da gangan, in rubuta sunan wanda ya ɗauka da wanda ke maye gurbinsa in yana hutu.