Asabar, daren da Hajiya Kaka ta cinye mu da ƙarya

Yau tun la'asar aka ɗauke wuta, wayar kowa ta mutu banda ta Yaya da ta rage kashi 9 yana ta lallaɓa ta kaman jaririya. Bayan isha'i muna zube a tsakar gida kan tabarma, zafi ya hana shiga ɗaki, sai Auta tace akwai wani wasa da suka yi a makaranta, wai Turawa har a kwali suke saida shi, Balderdash ko me. Nace ke dai faɗi yanda ake yi, mu ba sunan ne ya dame mu ba.

Abun ba wuya. Mutum ɗaya zai riƙe ƙamus ya zaɓo kalmar da ba wanda ya sani, kowa ya ƙirƙiro ma'anar ƙarya ya rubuta a 'yar takarda, mai ƙamus ya rubuta ta gaskiyar, a cakuɗa a karanto, sai kowa ya zaɓi wadda ta kwanta mai. Ka canki gaskiya maki 2, duk wanda ya faɗa tarkon ƙaryarka kuma kana da maki 1. Na shiga ɗakin Baba da tocila na ɗauko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006. Akwai na Bargery na 1934 ma a kantar amma shi bayaninsa da Turanci ne, kuma Baba ko ƙura baya yarda wani ya kaɗe mai.

Kalmar farko da Auta ta zaɓo makuba. Muka yi tsuru tsuru. Ni na rubuta wai wata irin cuta ce da ke kama kofaton jaki da damina, Yaya ya rubuta matar da ta shekara uku a gidan miji bata je ganin gida ba, wallahi da aka karanto wannan sai da Anti ta harare shi dan kowa ya san da wa yake. Ta gaskiyar kuwa, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi shafen bango ko daɓen ƙasa da shi, ko mutum ɗaya bai zaɓe ta ba. Jakina ya samo min maki 2. Anan na gano sirrin, in dai ka fara da "wani irin" sannan ka liƙa "musamman a ƙasar Sakkwato" a ƙarshe to shi kenan ka gama da mutane, ita gaskiyar sai ta zo a bushe ba ado, kaman wanda ya rubuta ta bai yi ƙoƙari ba.

Burgami ya wuce da sauri, jakar fatar akuya ce, Anti ta ce sarautar mai kula da rijiyoyin sarki kuma har da ni a masu yarda. Kunya.

A zunguru aka yi rigima. Ni na san shi, dogon goran nan da mata ke zura hannu ciki in sun ƙunsa lalle, to sai Yaya ya kafe wai shi garin da ke jihar Neja ya sani, inda Gwamna Lugga ya yi hedikwata kafin a koma Kaduna, dole a bashi maki. Muka ce ƙamus ne alƙali ba taswira ba. Ana cikin haka sai ga murya daga bakin ƙofa, ashe Hajiya Kaka da muka zata ta yi barci da rediyonta a kunne tana jin komai. Tace "yanzu ku duk girmanku makuba ce baku sani ba? Da hannun nan na yi daɓen ɗakin da aka kai uwarku." Daga nan duk kalmar da aka faɗa kafin mu ɗora biro ta faɗi ma'anarta, sungumi, mazari, tandu, gafaka, ta ɓata mana zagaye huɗu a jere tana dariya. Nace haba kishiya, ko ki shigo wasan ko ki yi shiru. Tace ai dan in ga bayanki zan shigo.

Tunda bata rubutun boko sai ta riƙa raɗa wa Auta a kunne tana rubuta mata, muka kuma sa mata doka ba ita ba zaɓe, ƙarya kawai zata bayar. Anti ta karɓi ƙamus ta zaɓo katsi. Da aka zo karanto wata takarda mai cewa ɗan kwandon da ake kife 'yan tsaki da shi saboda shirwa, sai na ga Hajiya ta gyaɗa kai a hankali ta ce uhm, kaman abun ya suɓuce mata. Ni da Yaya da Auta, ita Autar da ta rubuta da hannunta fa, wai ta zata tsohuwa ta manta doka ta faɗi gaskiya, duk muka ruga can. Ashe katsi dagwalon da ake kwasowa ne a ƙasan rijiyar marina, irin na Ƙofar Mata, a ƙone shi a yi shafe da shi. Tsohuwar nan ta yi dariya har da tari sai da aka miƙa mata ruwa. Sau uku tana mana haka, a na ukun ma bata gyaɗa kai ba, shiru kawai ta yi, muka ce shirun ma alama ce.

Sakamako: Hajiya 11, ni 8, Anti 6, Auta 5, Yaya 2 kuma har yanzu yana maganar Lugga. Ta ce ladanta goro biyu fari, angonta ne zai siyo da safe, wato Yaya.

Wuta bata dawo ba sai wajen sha ɗaya da rabi, shi ne na samu na jona waya nake rubuta wannan. Na ɓoye kurtu dan gobe, na san su soja sabon shiga kawai suka sani, basu san na tawada ba. Matsalar ita ce Hajiya.